Wankin Finafinan Ban Tsoro da Matsalar Fatalwar Aro

Duk wanda ya bi ta titunan Arkilla da yammaci, ko ma kowace unguwa ta birnin Sakkwato, zai lura da wata sana'a wadda babu ita a farkon shekarun 2000, wato ta matasan nan da ke zaune gaban kwamfuta a ƙananan shaguna suna tura wa jama'a finafinai a waya. Su ne suka gaji masu hayar kaset da faifan CD, kuma a yau su ne ke yanke hukuncin abin da 'ya'yanmu za su kalla bayan sallar isha'i, fiye da kowace hukumar tace finafinai. Mafi yawan hajarsu finafinan Indiya ne da aka yi wa fassarar Hausa, irin waɗanda Algaita da takwarorinsa suka shahara da su, kuma a cikinsu akwai wani rukuni da ke da kasuwa ta musamman a wurin matasa da matan aure: finafinan ban tsoro. Abin da yawancin masu kallon ba su sani ba shi ne, da dama daga cikin waɗannan finafinai ba na asali ba ne. Wani an wanko shi daga Amurka, wani daga Japan, wani kuma daga wani yanki na ita kanta Indiyar, ta yadda kafin fatalwar ta iso wayar yaro a Arkilla ta riga ta sauya riga sau biyu ko sau uku.

Tun da mujallar Fim ta fara fitowa a 1999 ake ta cacar baki a kan wankin fim a ƙasar Hausa, amma kusan duk muhawarar ta tsaya ne a kan soyayya da rawa da waƙa. Ba a cika waiwayar fim ɗin ban tsoro ba, alhali a nan ne ake gane ainihin abin da wanki ke iya ɗaukowa da abin da yake bari a baya.

Da farko dai, ya kamata a san cewa wanki ba mu muka fara shi ba, kuma a fagen ban tsoro an daɗe ana yin sa. Fim ɗin Nosferatu da F. W. Murnau ya shirya a Jamus a 1922 labarin littafin Dracula ne aka ɗauka ba tare da izini ba, aka sauya sunaye. Matar marigayi marubucin, Bram Stoker, ta kai ƙara, kotu ta ba da umarnin a lalata duk kwafen fim ɗin, sai dai wasu sun tsira. Wannan kayan satar shi ne Werner Herzog ya sake ɗauka a 1979, Robert Eggers kuma ya maimaita a 2024, ya kwashi sama da dala miliyan 150 a gidajen silima. Dalilin yawan maimaicin ba ɓoyayye ba ne. Fim ɗin ban tsoro bai cika buƙatar manyan taurari ba, kuma sunan da jama'a suka riga suka sani ya rage wa ɗan kasuwa rabin wahalar talla. Lokacin da Amurkawa suka sake ɗaukar Ringu na Japan a 2002 da sunan The Ring, sun kashe kimanin dala miliyan 48, suka samu kusan miliyan 250. Ɗan kasuwar da ya ga wannan lissafi ba zai tsaya sauraron masu sharhi ba.

To amma samun kuɗi daban, firgita mutum daban. A 1998 darakta Gus Van Sant ya ɗauki Psycho na Alfred Hitchcock, wanda aka yi a 1960, ya maimaita shi kusan hoto bayan hoto, magana bayan magana, illa iyaka ya sa masa launi da sababbin 'yan wasa. Duk da wannan riƙon amana, fim ɗin ya faɗi, don ko kuɗin da aka kashe bai mayar ba. Masu kallon 1960 ba su taɓa tsammanin za a kashe tauraruwar fim tun kafin a kai tsakiyarsa ba. Masu kallon 1998 kuwa sun shiga silima suna jiran wurin. Shi kuwa The Ring ya yi nasara, amma ko shi ya bar wani abu a hanya. Sadako, yarinyar nan mai farar riga da gashi rufe da fuska wadda ke fitowa daga rijiya, tana da dangi a tsofaffin labarai da wasannin dandamali na Japan, inda matar da aka zalunta aka jefa a rijiya kan dawo neman fansa, farar rigar kuma tufafin da suke yi wa mamaci ne. Mutumin Japan na ganinta zai tuna da abin da kakarsa ta ba shi labari. Ba'amurke kuwa yarinya ce kawai mai ban tsoro ya gani, shi ya sa dole aka ƙara masa ƙarar sauti da dabarun kwamfuta don a cike giɓin.

Mu dawo Indiya, tun da ita ce ƙofar da yawancin waɗannan labarai ke shigo mana. Dattawan da suka yi zamanin silima ba za su manta da Nagin na 1976 ba, labarin macijiyar da ke rikiɗa ta zama mace, tana bin mutanen da suka kashe mijinta tana hallaka su ɗaya bayan ɗaya. Shi dai mai fim ɗin, Rajkumar Kohli, da kansa ya sake ɗaukar labarin a 2002 da sunan Jaani Dushman: Ek Anokhi Kahani, ya tara taurari irin su Sunny Deol da Akshay Kumar da Manisha Koirala, ya cika shi da dabarun da ya kwaikwayo daga The Matrix da Terminator. Sakamakon ya zama abin dariya har yau a Indiya. Labarin nasa ne, ƙasar tasa ce, amma ya ɗauka cewa abin da ya firgita mutane a 1976 shi ne rikiɗar macijiya, alhali kuwa baƙin cikin matar da aka raba da mijinta ne ya riƙe fim ɗin.

Misalin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na Manichitrathazhu, wanda darakta Fazil ya shirya a 1993 cikin harshen Malayalam na jihar Kerala. Wata amarya ce ta tare da mijinta a tsohon gidan kakanninsa, ta buɗe wani ɗaki da aka hana buɗewa, daga nan aka fara ganin abubuwan al'ajabi, har kowa ya tabbata cewa fatalwar wata 'yar rawa da wani basarake ya kashe tun zamanin da ce ta dawo. A ƙarshe sai wani likitan ƙwaƙwalwa ya gano cewa babu wata fatalwa. Amaryar ce ke fama da wata lalura da ke sa ta ɗauki kanta a matsayin 'yar rawar. Abin sha'awa shi ne yadda likitan bai raina imanin mutanen gidan ba. Ya haɗa kai da malamin addininsu, suka shirya wata dabara tare, da ita aka warkar da matar. An sake ɗaukar wannan labari a harshen Kannada a 2004, sai Tamil a 2005 da sunan Chandramukhi inda Rajinikanth ya fito, sannan Hindi a 2007 da sunan Bhool Bhulaiyaa, wanda shi ne akasarin masu kallonmu suka sani. A kowane zango ana ƙara barkwanci da faɗa da girman jarumi, ana rage wa matar da lalurarta fili. Da aka zo Bhool Bhulaiyaa 2 a 2022, wanda sunan kawai ya gada, sai aka yi watsi da likitan ɗungurungum, fatalwar ta zama ta gaske.

Wannan sauyi ba ƙaramin abu ba ne ga mai kallo a nan. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware bai da nisa da birnin Sakkwato, amma kowa ya san cewa iyalai da yawa ba sa kai mara lafiya can sai bayan an gama zagaye, an sha hayaƙi da rubutu, wani lokaci har da mari da duka, cutar kuma ta riga ta yi nisa. Fim ɗin asali ya nuna hanyar da malami da likita za su yi aiki tare ba tare da ɗaya ya ƙaryata ɗaya ba, wadda ita ce ainihin hanyar da al'ummarmu ke buƙata. Jikan nasa na 2022 kuwa ya koya wa mai kallo cewa duk matar da ta sauya murya, wani abu ne ya shige ta. Mai tura fim a shago bai san akwai na asalin ba, balle ya zaɓa.

Yanzu sai mu zo gida. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa a kan yadda masu shirya finafinan Hausa suka riƙa juya finafinan Indiya, alal misali yadda Taal na 1999 ya zama Khusufi. Ko da wane irin ƙorafi mutum zai yi, dole ya yarda cewa labarin soyayya yana jure tafiya. Auren dole, kishiya, ɗan talaka da 'yar mai kuɗi, duk muna da su kafin mu san Indiya. Tsoro kuwa ba ya jure tafiya haka, saboda yana tsaye ne a kan abin da mutum ya yi imani da shi game da mutuwa da abin da ke bayanta.

Ɗauki Raaz na 2002, wanda shi ma an gina shi ne a kan What Lies Beneath na Amurka na shekarar 2000. Ginshiƙin labarin shi ne wata mace da miji ya yi hulɗa da ita a ɓoye, ta mutu, ruhinta ya dawo yana addabar gidan. Ga Ba'amurke da Ba'indiye wannan ya zauna daidai, domin al'adunsu sun ba wa mamacin da bai huta ba damar yawo, Indiyawa ma har da sake haihuwa. Bahaushe Musulmi kuwa an karantar da shi tun yana makarantar allo cewa wanda ya mutu ya tafi, yana barzahu, ba ya dawowa neman fansa, hisabi kuma na Allah ne. Gaskiya ne muna da kalmar fatalwa, kuma yara na tsoron maƙabarta, amma ko a hirar tsofaffi bayanin da ake bayarwa shi ne aljani ne ya ɗauki siffar mamacin. Saboda haka mai wankin irin wannan labari yana tsaka mai wuya. In ya bar fatalwar yadda take, malamai da hukumar tace finafinai za su ce ya taɓa aƙida, mai kallo kuma ba zai gaskata ba. In ya mayar da ita aljana, to ya zare wa labarin laka, don kuwa me ya haɗa aljana da cin amanar da aka yi wa wata 'yar Adam? Fatalwar Raaz tana da dalili, tana da haƙƙin da take bi, kuma tsoron da mijin ke ji tsoron asirinsa ne. Aljanar da aka maye gurbinta da ita ba ta bin kowa bashi. Abin da ke saura shi ne abin da muka saba gani: hoda fara a fuska, jan ido, dariya mai amsa-kuwwa, mutum ya ɓace ya bayyana a bayan ƙofa, sannan malam ya shigo da carbi minti biyar kafin a tashi. Yara kan yi dariya, kuma suna da gaskiya.

Ba mu kaɗai ne Musulmin da suka ci karo da wannan matsala ba, kuma akwai darasi a yadda wasu suka yi da ita. A 1974, shekara guda bayan fitowar The Exorcist, darakta Metin Erksan na Turkiyya ya wanke shi da sunan Şeytan. Ya bi shi kusan fage bayan fage, ya cire limaman coci da gicciye, ya sa Alƙur'ani da ruwan zamzam. Amma zuciyar fim ɗin asali ita ce limamin Katolika da imaninsa ke rawa, wanda ke ganin ya yi sakaci da mahaifiyarsa har ta mutu, kuma tsarin cocin da ke buƙatar a nemi izinin manya kafin a yi korar shaiɗan. Da aka sauya kayan aiki aka bar ginin yadda yake, sai fim ɗin ya zama kamar wanda ya sa rawani a kan kwat. A yau ana kallonsa ne don nishaɗi. Turkawa ba su sami bakin zaren ba sai bayan shekaru talatin, lokacin da finafinai irin su Dabbe na 2006 da Siccin na 2014 suka koma ga aljanu da sihiri da hassadar dangi kamar yadda mutanen ƙauyukansu suka san su. Har ta kai Indunusiya ta sake ɗaukar Siccin a 2023 da sunan Sijjin.

Ita Indunusiyar ce ma ta ba da misalin da ya fi kowanne. A Pengabdi Setan na 1980, wani gidan masu hali ne da suka yi watsi da salla, uwar gidan ta rasu, miyagun abubuwa suka mamaye su, a ƙarshe malami ya zo da jama'arsa ya yi karatu, komai ya ƙone. Saƙon a fili yake, kuma ya dace da zamanin mulkin Suharto, lokacin da hukuma ke son ganin addini da tsari sun yi rinjaye a ƙarshen irin waɗannan finafinai. Da Joko Anwar ya sake ɗaukar sa a 2017 sai ya juya kusan komai. Iyalin suka zama matalauta waɗanda jinyar uwa ta cinye musu dukiya. Aka bayyana cewa uwar ta shiga wata ƙungiyar asiri ne saboda ta daɗe ba ta haihu ba, tana shan gori. Malamin unguwa kuma, maimakon ya cece su, shi ma aka kashe shi. Mutum sama da miliyan huɗu suka kalli fim ɗin a silima, ya fi kowane fim na ƙasar kasuwa a shekarar. Ba ina cewa a kashe malami a fim ɗin Hausa ba ne, kuma na san ba za a bari ba. Abin lura shi ne, daraktan ya zauna ya tambayi kansa abin da ke hana mutanen ƙasarsa barci a zamaninsa, ya samu amsa: talauci, doguwar jinya, gorin rashin haihuwa, da fargabar cewa wanda ka dogara da shi ba zai iya kare ka ba. Wace mace ce a Sakkwato ba ta san abin da gorin haihuwa ke kai mutum ga aikatawa ba?

Maƙwabtanmu na Kudu sun gwada nasu. Living in Bondage na 1992, labarin Andy Okeke da ya sadaukar da matarsa Merit don ya yi kuɗi, ya fito ne a tsakiyar ƙuncin tsarin SAP, lokacin da mutane ke ganin wasu sun kuɗance dare ɗaya ba a san sana'arsu ba. Ci-gabansa da Ramsey Nouah ya ba da umarni a 2019 ya karɓu, ya kuma lashe kyaututtuka, saboda ya gane cewa wannan tambaya tana nan da ranta, sai dai ta koma kan matasan Legas masu jiragen alfarma. Nneka the Pretty Serpent na 1994 kuwa, da aka sake ɗauka a 2020, an mayar da muguwar macijiyar jaruma mai ramuwar gayyar kisan iyayenta. Hoto ya yi kyau, kaya sun yi kyau, tsoron ya tafi.

Abin takaicin shi ne, a duk faɗin Afirka ta Yamma da wuya a sami al'ummar da ta fi mu kayan aikin wannan fanni. Muna da Dodo na tatsuniya, da Doguwa, da Inna ta Gobirawa, da birnin Jangare na iskoki, da kukoki da tsamiyoyin da ba a zama ƙarƙashinsu da tsakar rana, da 'yan ruwa, da maye mai kama kurwa. Muna da tarihin gwagwarmaya tsakanin bori da malanta a wannan ƙasa tamu ta Sakkwato, inda Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru tana tura jajis ƙauyuka su karantar da mata, ciki har da janye su daga bori. A tsakiyar shekarun 1990 an yi ta fama da abin da aka kira Sumbuka a makarantun 'yan mata na Kano, inda ɗalibai da yawa suka riƙa faɗuwa suna rawa, wasu na cewa irin ta finafinan Indiya ce, malaman ruƙiyya da likitoci kowa na ba da nasa bayani. An ga makamancin haka daga baya a makarantun Jamhuriyar Nijar, har masana daga ƙetare suka zo suka yi nazari suka rubuta. Wannan kaɗai ya isa fim irin Manichitrathazhu, namu na kanmu, wanda ba ya buƙatar a aro fatalwar kowa. Sarauniya Films ta nuna tun a 1998, da Daskin Da Riɗi, cewa tatsuniya na iya zama fim mai kasuwa, amma ba a bi sawun da nisa ba.

Sai dai akwai hatsari a nan wanda bai kamata a rufe ido a kansa ba. Fatalwar aro ba ta cutar da kowa, domin babu wanda zai fita neman Sadako a unguwarsu. Maita kuwa zargi ne da har yanzu ake jifan mutane masu rai da shi, galibi tsofaffin mata marasa gata, kuma an sha jin inda ya kai ga duka ko kisa. Fim ɗin da zai nuna tsohuwar ƙarshen layi tana lashe kurwar jariri, ya tabbatar wa mai kallo cewa zargin gaskiya ne, ya fi wankin Indiya illa nesa ba kusa ba. Ƙarfin kayan gida shi ne mutane sun yarda da su, kuma nan ne haɗarinsu yake. Mai hikima zai sa tsoron a wurin da yake na gaskiya, wato a taron jama'ar da suka kewaye gidan tsohuwar da duwatsu a hannu.

Hukumomi kuwa har yanzu almakashi suka fi sani. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano tana aiki tun 2001, ta ƙasa kuma ta sanar a watan Mayun 2024 da ƙa'idojin hana ƙawata tsafin neman kuɗi da kisan tsafi a finafinai. Niyyar mai kyau ce, amma ƙa'idar da ba a fayyace ta sosai ba tana iya hana a yi irin Living in Bondage, wanda duk manufarsa nuna ƙarshen mai tsafi ce. Kuma duk wannan iko yana ƙarewa ne a kan mai shirya fim na gida, wanda ke da ofis da suna da lasisin da za a iya ƙwacewa. Fim ɗin da aka wanko daga Amurka zuwa Mumbai, aka ɗora masa muryar Hausa, aka tura shi a katin waya, yana isa hannun yaro ba tare da ya bi ta teburin kowa ba, kuma shi ne ake kallo a ɗakunan kwana bayan an ɗauke wuta.